Ku Faɗa Mini Abin da ke Cikin Hoton

Assalamu alaikum. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a birnin Katsina, haifaffiyar Ƙofar Marusa, kuma makauniya. Ba da makanta aka haife ni ba. Da idona na yi karatu, da idona na yi aure, na kuma ga fuskokin 'ya'yana duka kafin Allah ya karɓi abinsa. Hawan jinin ido ne, wanda likitoci ke kira gilakoma. Ciwo ne mai sanɗa, yawanci ba zafi ba ja, sai gani ya riƙa tsukewa daga gefe-gefe mutum bai ankara ba. Lokacin da na fara tuntuɓe da kujerun aji, ina buga kafaɗa da ƙyauren ɗaki, jijiyar idon ta riga ta yi nisa da lalacewa. An kai ni Kano, an kai ni cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, magana ɗaya ce: abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin tsare ragowar da maganin ɗigawa. An tsare shi na wasu shekaru, daga baya shi ma ya tafi. Mahaifinmu ma haka ya ƙare rayuwarsa ba ya gani, kowa ya ɗauka tsufa ne. Ciwon yana bin jini, don haka duk wanda aka taɓa yin haka a gidansu, don Allah ya je a auna masa ido tun yana gani, musamman in ya haura arba'in.

Ba zan ja labarin zaman ƙuncin da na yi a ɗaki ba. Abin da ya fi ci mini rai a lokacin ba girki ba ne, ba kuma kai-komo a tsakar gida ba, domin hannu da ƙafa suna saurin gane gidansu. Waya ce. Duk saƙon da ya shigo sai na jira ɗiyata ta dawo daga makaranta ta karanta mini. Saƙon Malam, maigidana, ita ce mai karantawa. Saƙon banki, ita ce. Har maganar da 'yar'uwata ta rubuto kan matsalar aurenta, yarinya 'yar shekara goma sha uku ce ta karanta mini ita, tana inda-inda don kunya. Tare da ganin, sirrina ma ya tafi.

Wani matashi makaho, ɗalibin jami'a da ƙanena ya sani, shi ya zo gidanmu wata Asabar ya ce, "Malama, ai wayar nan da ke hannunki tana magana, ba a dai kunna mata ba ne." Ya shiga saituna ya kunna TalkBack, manhajar karanta allo da ke zuwa cikin yawancin wayoyin Android. Ya kama yatsata ya ɗora a kan gilashin. Duk inda na taɓa, murya ta faɗi abin da ke wurin. In na shafa dama, ta matsa zuwa abu na gaba. In na shafa hagu, ta koma baya. In na ji abin da nake so, na ƙwanƙwasa sau biyu ya buɗe. Ya ce masu iPhone tasu sunanta VoiceOver, tun 2009 take cikin wayar. Daga baya ya sa mini NVDA a kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka fara ginawa a 2006, suka kuma bar ta kyauta ga kowa, alhali irinta da ake kira JAWS sai da kuɗi masu yawa. Allah ya saka wa yaron nan da alheri. Ta hannunsa na koma aji.

Muryar da ke wayata ta Turanci ce, don haka Hausa tana shan wahala a bakinta. Haruffa masu lanƙwasa wani lokaci ta tauna su, wani lokaci ta tsallake. Amma kunne yana sabawa. Yanzu na ƙara mata gudu har yarana suna cewa ba sa fahimtar komai, ni kuwa ina jin kowace kalma. Kuma ban taɓa roƙon kowa ya daina rubuta Hausa daidai don muryar ta ji sauƙi ba. Masu gina muryoyin ne ya kamata su koyi harshenmu.

Da rubutu ya buɗe mini, sai na ga ashe akwai ƙofar da ta rage a kulle. Hoto.

Muna da zauren WhatsApp na waɗanda muka gama kwalejin ilimi tare. Wata Talata da hantsi ina gida ni kaɗai, ba ni da darasi, yara suna makaranta, Malam yana kasuwa. Wayar ta yi ƙara, na sa iyafis. Muryar ta faɗi sunan wanda ya turo, ta ce hoto, ta faɗi lokaci. Shi ke nan. Sai saƙonni suka fara zubowa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta. Allah ya sa ta huta. Allah ya ba yaranta haƙuri. Na yi ta shafa dama, ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina jiran wani ya ambaci suna. Daga "jiƙanta" na gane mace ce. Daga "yaranta" na gane uwa ce. Na fara lissafa matan ajinmu a zuci, kowacce na kawo sai gabana ya faɗi. Na aika saƙon murya na ce, "Don Allah wace ce? Ba na ganin hoton." Saƙona ya nutse cikin ta'aziyya, kowa yana cikin jimami, ba wanda ya tsaya saurare. Na kira mutum biyu, ba a ɗauka ba. Daga baya na gane suna gidan rasuwar ne. Sai bayan la'asar da ɗiyata ta shigo na miƙa mata wayar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Umma, Anti ce, wadda kuka zauna ɗaki ɗaya." Sunanta, unguwarsu, da lokacin jana'iza bayan azahar, duk an rubuta su a jikin hoton, ƙarƙashin fuskarta.

Mu mata ba ma bin gawa zuwa maƙabarta. Abin da muke da shi shi ne mu isa gidan kafin a fitar da ita, mu zauna kusa da ita, mu yi mata addu'a. Daga gidana zuwa nasu, Keke Napep ba zai yi minti ashirin ba. Na je da daddare, an riga an rufe ta tun da rana.

Wanda ya turo hoton bai yi da mugun nufi ba, mutumin kirki ne, kuma da ya ji abin da ya faru sai da ya zo har gida. Ya ce, "Wallahi Malama, na ɗauka tunda wayarki tana karanta komai, za ta karanta wannan ma." Haka mutane da yawa suka ɗauka, shi ya sa nake son in yi bayanin yadda abin yake.

Manhajar karanta allo ba ta kallon allo yadda ido yake kallo. Rubutun da ke cikin shafi take bi, tana juya shi zuwa murya. Hoto a wurinta akwati ne kawai, ko da an cika shi da rubutu, domin wancan rubutun ya riga ya zama zane. In ta iso kansa, sai ta nemi wani ɗan bayani da ake maƙala wa hoto ta baya, wanda mai ido ba ya ganinsa a fili. A manhajoji za ku ga an rubuta masa ALT. In akwai shi, ta karanta. In babu, ko ta ce hoto ta wuce, ko kuma, a wasu shafukan intanet, ta shiga karanto sunan fayil: harafi uku da dogon jerin lambobi, wanda ba ya gaya wa kowa komai. Ba sabon abu ba ne. Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet ta duniya, W3C, ta fitar da ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman a 1999, ta sabunta su a 2008, kuma duka biyun abu na farko da suka nema shi ne duk abin da ba rubutu ba a samar masa madadi na rubutu. Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya buɗe wurin rubuta wannan bayani a 2016, Instagram a 2018. Facebook ma yana da shi a cikin zaɓin gyara hoto. A WhatsApp kuwa, inda rayuwarmu ta fi yawa, hanya mafi sauƙi ita ce layin rubutun da ke ƙasan hoto kafin a danna turawa. Duk abin da aka sa a nan, wayata za ta karanta mini.

Wasu kan ce ai yanzu na'ura tana gane hoto da kanta. Gaskiya ne, tana ƙoƙari. Tun 2016 Facebook yake yin hasashe, sai ka ji ya ce mai yiwuwa hoton mutum uku ne suna murmushi a waje. Akwai Seeing AI na Microsoft, akwai Lookout na Google, akwai Be My Eyes da ke haɗa makaho da mai ido ta bidiyo, kuma sababbin da suka fito suna iya zuba dogon bayani mai ban mamaki. Ina amfani da su, ina kuma godiya. Rubutun boko mai tsabta sukan ciro shi daga hoto. Amma katin ɗaurin aure irin namu, da rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe ruwan gwal a kan furanni, ga Larabci a sama, ga Hausa a ƙasa, abin da suke ciro mini sau da yawa guntaye ne da sai na yi ta harhaɗawa, ban kuma yarda in dogara da su a kan rana ko lokaci ba. Sannan kowane hoto sai na fitar da shi daga zauren, na kai shi wata manhajar, na jira, data tana tafiya. A zauren da ake turo hotuna hamsin a wuni, wanne zan zaɓa?

Babban abin ma ba wannan ba ne. Na'ura ba ta san dalilin da ya sa aka turo hoton ba.

Sallar da ɗana ya fara hawa, a tawagar wani hakimi da ƙanena yake yi wa hidima, ban fita ba saboda cunkoso. Ƙanena ya ɗora hoton a Facebook. Na'ura ta ce mini mutane ne da dawaki a waje. Ba ta yi ƙarya ba. Da yamma ya turo mini hoton a WhatsApp, a ƙasa ya rubuta: "Yaya, ɗanki ne a kan akawal a filin Kangiwa, Ƙofar Soro tana bayansa. Farar riga, jar jabba, rawanin ya ɗan karkace hagu. Ya ɗaure fuska wai shi babba, amma ya riƙe linzami da hannu biyu." Na sa an maimaita mini wannan saƙo har ban san iyaka ba. Na san wannan ɗaure fuskar tun yana goye. Na san filin, na san ƙurar da ke tashi a wurin, na san ƙarar kakaki da algaita. Layi uku ne suka mayar mini da duk wannan, kuma babu na'urar da za ta san cewa riƙon linzamin da hannu biyu shi ne abin da uwa take son ji. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Ɗiyata ce ta fara ƙwarewa a gidanmu. Da farko takan cika bayani: launin labule, tayil ɗin ƙasa, agogon bango, har in gaji ban ji wane ne a hoton ba. Na ce mata, "Ki ɗauka ina zaune kusa da ke, kin juyo da wayar za ki nuna mini, sai kika tuna. Me za ki fara cewa?" Ta ce, "Zan ce ga jaririn Anti, an yi masa aski." Na ce to shi za ki rubuta, sauran in ina so zan tambaya. Ta kuma daina farawa da "wannan hoton", domin manhajar ta riga ta sanar da ni hoto ne kafin ta karanta bayanin. Tana sa aya a ƙarshe don muryar ta numfasa. In takarda ce aka ɗauka, ko sikirinshot na sanarwa, ba ta siffanta takardar, rubutun da ke ciki take kwafowa gaba ɗaya, ranar, lokacin, wurin, lambar waya. In kuwa furen barka da Juma'a ne, kalma biyu sun isa. A shafukan intanet ma haka masu ginawa na ƙwarai suke yi: hoton da ado ne kawai sai su bar bayaninsa fanko da gangan, manhajar ta tsallake shi ba tare da ta ɓata mana lokaci ba, hoton da maɓalli ne kuma su rubuta abin da yake yi, kamar "aika" ko "nema". Na taɓa shiga manhajar wani banki inda muryar take ta cewa maɓalli, maɓalli, maɓalli, babu mai suna ko ɗaya. Da kuɗina a ciki, ba zan danna da ka ba. Na rufe asusun na koma wani.

Akwai wata baiwar Allah da nake sayen atamfa a wurinta tun ina gani. Kamar sauran masu sana'a, takan jera hotuna ashirin a sitatus, ta rubuta "akwai" kawai. Na kira ta na ce, "Hajiya, kin daina sayar mini ke nan." Ta ce, "Haba Malama, ni na isa?" Na yi mata bayani. Yanzu takan rubuta mini irin haka: ƙasa ruwan toka, manyan ganye ruwan goro, siraran layuka baƙaƙe, ba ta da ƙyalli, turmi kaza. Na san ruwan goro, na san ruwan toka, na san abin da yake karɓar fatata. Kada kowa ya ji nauyin ambata wa makaho launi. Da yawanmu mun taɓa gani, wanda bai taɓa gani ba ma ya san abin da ake sawa a gidan biki da abin da ake sawa a gidan makoki, kuma yana da ikon zaɓar kayansa da kansa. Hajiyar ta ce mini tun da ta fara rubuta launi da farashi, masu tambayar "nawa?" sun ragu, ciniki ya fi sauri.

Wannan bai ba ni mamaki ba, domin masu ido ma suna shiga halin da nake ciki. Wa bai san Facebook na kyauta ba, wanda ba ya buɗe hoto? Wa bai taɓa ganin an rubuta a ƙasan wani saƙo, "ba ni da data, me ke ciki?" Mutane da yawa sun kashe saukar hotuna a WhatsApp don tattali. Ga dattawanmu masu yanar ido da ba sa iya karanta ƙananan haruffan kati. Ga wanda yake ƙauye inda sabis yake rarrafe. Layin nan guda na rubutu duk yana isa gare su.

Abu biyu kuma da matasa ke yi don ado suna wahalar da mu ƙwarai. Ɗaya, haruffan ƙawa da ake kwafowa a rubuta suna da su. A wurin manhajar alamomin lissafi ne, ko ta yi ta kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, ko ta yi gum. Ɗayan, jera emoji. Kowace fuska mai hawaye tana da suna, kuma sai na saurare shi kafin in kai ga magana.

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, aka kuma kafa hukumar kula da al'amuranmu a 2020. Na yi murna da dokar, har yanzu ina yi. Amma mafi yawan abin da yake hana ni shiga harkar jama'a a yau ba matakalar bene ba ce. Sanarwar ɗaukar aiki, jadawalin jarrabawa, ranar rigakafi, sauyin lokacin taro, gargaɗin ambaliya, kusan duk a hoto ake fitar da su, an ɗauki takarda mai hatimi da waya an watsa. Na fahimci dalilin, hatimi da sa hannu suna nuna ba jabu ba ce. To a tura hoton, a kuma kwafo rubutun a ƙasa. Wanda ya buga takardar a kwamfuta, rubutun yana hannunsa, minti ɗaya ba zai ci masa ba. Masu riƙe da shafukan ma'aikatu, masallatai, ƙungiyoyi da gidajen jaridu, da ku nake, domin ku mutum ɗaya ne yake turawa dubbai su karɓa.

A makarantarmu an gyara. Jadawalin sa ido a jarrabawa yanzu da rubutu yake zuwa zauren malamai, ba sai na nemi wata ta duba mini sunana ba. A zauren 'yan ajinmu kuma an mayar da shi ƙa'ida: sanarwar rasuwa, suna ko ɗaurin aure, sai an rubuta sunan mutum da lokaci da wuri a fili, ko a bi ta da saƙon murya. In wani ya manta, ba ni nake tunatarwa ba, wasu ne suke riga ni.

Na kuma shigar da abin cikin darasina. In mun zo insha'in siffantawa, nakan sa a raba wa ɗalibai hoto guda, in ce kowacce ta gaya mini abin da ke ciki da jimla biyu, ni ce mai sauraro kuma ni ce mai maki. Da aka ba su Hasumiyar Gobarau, yawancinsu sun rubuta cewa gini ne mai kyau mai tarihi. Na ce ban ga komai ba tukuna. Wata yarinya daga bayan aji ta ce, "Malama, doguwar hasumiya ce ta jar ƙasa, gindinta ya fi samanta faɗi, tana hawa-hawa tana tsukewa, da matakala a jikinta." Ita ta ci makin ranar, kuma tun daga nan rubutunsu ya ragu da kalmomin yabo marasa nauyi, ya ƙaru da abin da ido ya gani. Zango mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan taswira da jadawalin alƙaluma. Sun fi wuya, domin a nan siffar zanen ba ta da amfani sosai, sai yarinya ta fara gane abin da lambobin suke faɗa kafin ta iya gaya mini. Na riga na yi magana da malamin lissafi, ya yarda mu haɗa ajin.